Me ya sa sai a cikin mota muke faɗin gaskiya?

Wata Litinin da ta gabata muna zaune a taron farkon mako a ofishinmu da ke nan Abuja. Mu goma sha biyu ne kewaye da tebur, darakta yana kujerar tsakiya, ana duba wani rahoto da za a miƙa sama ranar Laraba. Sai wata yarinya da ba ta cika shekara da kama aiki ba, tana mataki na 8 a tsarin albashin gwamnati, ta ɗaga hannu a hankali ta ce: "Yallaɓai, a yi mini afuwa, jimlar da ke shafi na huɗu ba ta dace da lissafin da ke bayan rahoton ba."

Darakta ko kallon takardar bai yi ba. Ya zare tabarau, ya dube ta daga sama har ƙasa, ya ce: "Ke yaushe kika zo gidan nan? Lokacin da na fara rubuta irin wannan rahoto ko firamare ba a sa ki ba." Wasu suka yi 'yar dariyar nan ta dole. Ta sunkuyar da kai, ta ba da haƙuri, ta rufe littafin da take rubutu a ciki. Har aka tashi ba ta sake buɗe shi ba.

Jimlar kuwa kuskure ce. Na san haka domin ni ma na gan ta tun daren Lahadi, kuma na yi shiru.

Da yamma mu huɗu daga cikin waɗanda suka zauna taron muka shiga mota ɗaya zuwa Mararaba. Cunkoso ya tsare mu wajen Nyanya, hira ta ɓarke, sai ga shi uku daga cikinmu duk mun ga kuskuren tun kafin yarinyar ta buɗe baki. A cikin motar nan kowa ya zama gwani. Mun san inda lissafin ya karkace, mun san wanda ya kwafo tsohon adadi, mun san yadda za a gyara cikin minti goma. Duk abin da ofishin yake bukata da safe, sai da yamma aka faɗe shi, a wurin da ba zai amfani kowa ba.

Tun ranar abin yake cina. Ra'ayina shi ne: jarumtar da wuraren aikinmu suka fi rashi ita ce ta shugaban da zai iya jin magana marar daɗi daga na ƙasa da shi, ya haɗiye, ya ce "na gode, bari mu duba". Kuma idan ka ga ofis ya yi tsit, kowa yana gyaɗa kai, to mafi yawan alhakin shirun nan yana wuyan wanda ke kujerar tsakiya, domin shi ne ya koya wa mutane abin da magana take jawowa.

Yadda ake koya wa ma'aikaci yin shiru

Babu wanda yake zuwa aiki da niyyar zama kurma. Ku dubi 'yan hidimar ƙasa a makonninsu na farko: tambaya kamar me, komai suna son sanin dalilinsa. Me ya sa fayil ɗaya sai ya bi tebur bakwai? Me ya sa ake buga takarda a kwamfuta, a fitar da ita, sannan a sake kai wa wani ya buga? Bayan wata uku sai ka tarar sun yi laƙwas, suna danna waya suna jiran lokacin tashi. An amsa musu sau biyu ko uku da "haka muka tarar", ko an harare su, sun gane.

Darasin ba ya bukatar a maimaita shi da yawa. Mutum ɗaya ake tozartawa a gaban jama'a, sauran goma sha ɗaya su ɗauka. Wani an ba shi takardar tuhuma bayan ya yi gyara a taro. Wani an cire sunansa daga jerin masu tafiya kwas. Wata an mayar da ita sashen da babu aiki sai zaman jiran albashi. Ba a taɓa cewa don sun yi magana ne ba, amma har masinja ya san dalili.

Daga nan sai 'yan amshi su cika gaban oga. Shi kuma ya ɗauka ofishinsa lafiya lau, tunda ba mai kawo masa ƙorafi.

Wata malama a Jami'ar Harvard ta Amurka, Amy Edmondson, ta yi bincike a asibitoci cikin shekarun 1990 kan kurakuran ba da magani. Ta shiga da zaton cewa sassan da suka fi kyakkyawan shugabanci su ne za a samu da ƙarancin kurakurai a rubuce. Sai ta tarar da akasin haka: su ne suka fi yawan kurakurai a takarda. Da aka bi diddigi, sai aka gano cewa a waɗannan sassa ma'aikatan jinya ba sa tsoron cewa "na yi kuskure", shi ya sa ake rubutawa a gyara. A sassan da shugaba ke da zafin hannu kuwa, kuskuren yana nan, binne shi ake yi. Duk shugaban da yake alfahari da cewa a sashensa ba a taɓa samun matsala ba, ya kamata wannan ya hana shi barci.

Wani lokaci kuma shirun rai yake ci. Ranar 27 ga Maris 1977, a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifaniya, jirage biyu ƙirar Boeing 747, na KLM da na Pan Am, suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo, mutum 583 suka mutu. Matuƙin jirgin KLM babba ne ƙwarai, shi ke horar da sauran matuƙa a kamfanin. Ya fara gudun tashi, injiniyan da ke zaune bayansa ya tambaya ko ɗaya jirgin ya riga ya sauka daga titin, matuƙin ya amsa da ƙarfi cewa e, ya ci gaba. Injiniyan bai sake magana ba. Bayan wannan masifa da wasu irinta ne kamfanonin jirage suka fara horar da ma'aikata musamman kan yadda ƙarami zai tsayar da babba, da yadda babba zai saurara. Ofishinmu ba jirgi ba ne, na sani. Amma a garin nan akwai ɗakunan tiyata, akwai wuraren da ake zuba kankaren bene mai hawa biyar, akwai tebura da ake sa hannu kan kuɗin fansho na dubban tsofaffi, kuma a kowannensu akwai wani ƙarami da ya ga abu yana tunanin ko ya faɗa.

"Ai tarbiyyarmu ce girmama na gaba"

Wannan ce hujjar da aka fi kawo mini, kuma ba na raina ta. An raine mu kan cewa yaro ba ya katse babba, ba ya haɗa ido da shi, bin na gaba bin Allah ne. Ina son wannan tarbiyya, da ita nake rainon 'ya'yana.

Sai dai yarinyar nan ba ta yi rashin kunya ba. Ta ɗaga hannu, ta ce Yallaɓai, ta nemi afuwa tun kafin ta faɗi abin da ke bakinta. Ladabin da ake nema duk ta cika shi. Mu da muka yi shiru, in za mu faɗa wa kanmu gaskiya, tsoro ne ya rufe mana baki, muka lulluɓe shi da rigar ladabi. Wanda yake girmama maigidansa da gaske ba zai bar shi ya fita kasuwa da riga a yage ba, zai matso kusa ya rada masa. Ai mu ne muke cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Kuma addinin da muke jingina tarbiyyar da shi bai koya mana irin wannan shirun ba. Malaman tarihi sun ruwaito cewa gab da yaƙin Badar, a shekara ta 2 bayan Hijira, Manzon Allah (SAW) ya sauke rundunarsa a wani wuri, sai Hubab ɗan Munzir ya tambaye shi ko wahayi ne ya zaɓi wurin, ko kuwa dabarar yaƙi ce. Da aka ce masa dabara ce, sai ya ba da shawarar a matsa zuwa rijiyar da ta fi kusa da abokan gaba, aka kuwa tashi aka matsa. A Suratu Ali Imrana, aya ta 159, wadda ta sauka kan abin da ya faru a Uhudu, an gaya wa Fiyayyen Halitta cewa da ya kasance mai kaushi, mai busasshiyar zuciya, da mutane sun watse daga gefensa, sannan aka umarce shi ya yi shawara da su. Sayyidina Abubakar kuwa, ranar da aka yi masa mubaya'a, cewa ya yi idan ya yi daidai a taimake shi, idan ya karkace a miƙar da shi.

Muna jin waɗannan a huɗubar Juma'a muna gyaɗa kai. Ranar Litinin sai darakta mai mataki na 17 ya ga ƙasƙanci ne yarinya ta nuna masa lissafi.

"Idan ka sake musu, raini zai shigo"

Wani dattijo da na daɗe ina girmamawa, wanda ya yi ritaya daga aikin gwamnati, ya ce mini: "Ɗana, ba ka riƙe mutane ba tukuna. Ranar da ka ce musu ka yi kuskure, ranar suka daina jin tsoronka, kuma ma'aikacin Najeriya in bai ji tsoro ba ba ya aiki."

Akwai gaskiya a ciki. Akwai ma'aikatan da sauƙin hali suke ɗauka rauni, akwai masu zuwa ƙarfe goma sha ɗaya su ajiye jaka su ɓace. Shugaban da ba ya iya hukunci shi ma matsoraci ne, kuma yana zaluntar masu ƙwazo, domin su ke ɗaukar kayan malalata. Kiran mutum ofis, a rufe ƙofa, a gaya masa ido da ido cewa aikinsa bai yi ba, yana daga cikin jarumtar da nake magana a kai. Da yawa daga shugabanninmu ba sa iya wannan. Sun gwammace su yi ta tsawa a taro kan kowa da kowa, ko su yi da mutum a bayan idonsa, su jira lokacin cike fom ɗin ƙarin girma su rama.

Amma tsoro abin da yake saye kaɗan ne. Yana sa mutum ya zo da wuri ya sa hannu a rajista. Ba ya sa mutum ya kwana yana tunanin yadda za a rage wa masu zuwa neman takarda wahala, kuma ba ya sa shi ya zo da kansa ya ce "Yallaɓai, na ɓata abu, ga yadda za mu gyara tun bai yi nisa ba".

Game da cewa amsa kuskure yana zubar da girma, ga Dandalin Eagle nan kusa da Sakatariyar Tarayya. A nan ne ranar 29 ga Mayu 2007 marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya tsaya, ranar da aka rantsar da shi, ya amsa a bainar jama'a cewa zaɓen da ya kawo shi mulki yana da naƙasu. Bai tsaya a baki ba, ya kafa kwamitin gyaran tsarin zaɓe ƙarƙashin tsohon Alƙalin Alƙalai Muhammadu Lawal Uwais. Mutane suna da ra'ayoyi daban-daban kan mulkinsa, amma ban taɓa jin wanda ya ce wannan magana ta rage masa daraja ba. Har yau idan ana zancensa a majalisa, tana cikin abubuwan farko da ake tunawa da shi.

Wata shugaba da na yi aiki a ƙarƙashinta

Shekarun baya, a wani sashe, na zauna ƙarƙashin wata mataimakiyar darakta, 'yar Filato ce, ba Musulma ba, Hausarta ta fi ta wasunmu. Wata rana wani yaro a sashenmu ya tura wasiƙar gayyata da kwanan wata na kuskure, baƙi suka zo daga jihohi kwana ɗaya kafin taro. Babban sakatare ya kira ta, muna jiyo faɗansa daga baranda. Ya ce ta ba shi sunan wanda ya yi. Ta ce: "Ranka ya daɗe, ni na sa hannu a wasiƙar, sunana ne a ƙasa." Ya sake tambaya, ta sake ba shi amsa ɗaya.

Da ta dawo, yaron yana tsaye bakin ƙofarta, hannunsa yana rawa. Ta ce ya shigo ya rufe ƙofa. Daga baya shi ya ba mu labari: ta zaunar da shi, ta tambaye shi yadda aka yi, ta gano cewa daga tsohuwar wasiƙa yake kwafa domin ba wanda ya taɓa nuna masa wata hanya. Ta yi masa faɗa sosai, ta kuma kafa doka cewa duk wasiƙar da za ta fita sai mutum biyu sun karanta kwanan wata da babbar murya. Yaron nan ya zama wanda ya fi kowa tsantseni a sashen. Da za ta ce ya kwana a ofis, da ya kwana.

Wani halinta da na fi tunawa shi ne tambaya. Takan je ɗakin ajiyar fayiloli da ƙafarta, ta ja kujera kusa da tsohon akawun da ke wurin, ta ce: "Baba, a ina fayil ya fi daɗewa a gidan nan?" Shi kuwa ya sani, shekara ashirin yana kallo, ba wanda ya taɓa tambayarsa. Takan tambayi direba abin da mutane ke cewa game da ofishin a waje. A taro ita ce ta ƙarshen faɗin ra'ayi, kuma daga mafi ƙanƙanta take farawa, domin ta san da zarar babba ya furta nasa, sauran sai amin. Sau da yawa na ji ta ce "wannan ban san shi ba, wa zai koya mini?" Ban ga ranar da wani ya raina ta ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, ita kuma ta gane cewa a ofis masu ɗakin su ne waɗanda suke ƙasa.

"Shi ma ogan yana da oga"

Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi, kuma ita ta sa ba na tsanar daraktanmu. Shi ma ana yi masa abin da ya yi wa yarinyar. Yana shiga gaban na sama da shi ya tsaya kamar ɗan makaranta, ya dawo ya sauke a kanmu. Saura masa 'yan shekaru ya yi ritaya, yana da 'ya'ya a jami'a, yana tsoron a jefa shi wani lungu. Mu ma da muka yi shiru lissafin da muka yi kenan. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin mota daga Mararaba ko Kubwa ko Suleja yake cinye kaso mai tsoka na albashi, aiki kuma ya yi wuyar samu. Wa zai yi wasa da tukunyar gidansa?

Na yarda. Amma shi ya sa ake kiran abin jarumta, domin akwai abin da za a iya rasawa. A Yulin 2014, Dokta Ameyo Stella Adadevoh ta ƙi sallamar Patrick Sawyer, wani matafiyi da ya iso daga Laberiya, daga asibitin da take aiki a Legas, duk da matsin lambar da aka yi mata, saboda ta yi zargin Ebola ce ke jikinsa. Ta kamu da cutar, ta rasu ranar 19 ga Agusta na shekarar. Mutum 8 cutar ta kashe a Najeriya gaba ɗaya, a ƙasa mai cunkoson Legas. Ba wanda yake neman darakta ya ba da ransa. Abin da ake nema a wurinsa bai wuce ya jure ɗacin minti biyu na a gyara masa lissafi a gaban yaransa ba, ya kuma zama katanga tsakaninsu da zafin da ke saukowa daga sama maimakon ya zama bututun da zafin ke bi.

Kuma nauyin ya fi hawa kan babba saboda farashin bai zama ɗaya ba. Idan yarinya mai mataki na 8 ta yi magana, aikinta ta sa a faifai. Idan darakta ya saurara, me ya rasa?

Wani laifi da yake namu

Akwai abin da ba ma son a taɓo. Abuja gari ne na kowa, kuma sashe na 14(3) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya sa ofisoshin tarayya suka tara mutane daga kowane lungu na ƙasar. Amma sau nawa muka ga an tashi taro, sannan oga ya kira 'yan yankinsa biyu ko uku, a rufe ƙofa, a yi ainihin shawarar da harshen gida? Kowace ƙabila tana yi, mu ma Hausawa muna yi. Na sha ganin ana tsakiyar magana da Turanci sai biyu daga cikinmu su juya zuwa Hausa, su yi dariya, abokin aikinmu daga Ebonyi ko Ondo yana zaune yana kallon bakinsu. Wataƙila zancen ƙwallo suke yi, amma shi bai sani ba, kuma daga ranar ya fara ɓoye nasa.

Shugaban da yake son a yarda da shi sai ya jure fushin nasa. Za su ce ya manta gida, za su kai ƙararsa wurin manya a gari, za a kira shi a waya a ce "yaron nan namu ne, a duba shi". Hana ɗan garinku kujerar da bai cancanta ba ya fi tsawa a taro wuya nesa ba kusa ba, kuma ma'aikata suna lura da wanda aka ba tafiya, da wanda aka yafe wa latti, da wanda aka ba takardar tuhuma kan laifi iri ɗaya. Daga waɗannan suke yanke hukuncin ko za su amince da kai, kafin ka buɗe baki ka yi musu jawabi kan haɗin kai.

Rahoton namu ya tafi ranar Laraba yadda yake. Ranar Alhamis ya dawo, an zagaye jimlar shafi na huɗu da jan biro. Darakta ya tara mu, ransa a ɓace, ya ce: "Duk yawanku a ce babu wanda ya ga wannan?" Ba wanda ya ɗaga kai. Yarinyar tana can kujerar ƙarshe kusa da ƙofa, hannuwanta a kan cinya, ba ta zo da littafi ba.

Bayan an watse na je teburinta na ce: "Ƙanwata, ki yafe mini. Na ga kuskuren nan tun kafin ki faɗa, na bar ki ke kaɗai." Ta ce ba komai, Yaya, ya wuce. Na tambaye ta littafin, ta ja aljihun tebur ta nuna mini shi ƙarƙashin wasu tsofaffin fayiloli. Na roƙe ta ta zo da shi taron Litinin mai zuwa. Akwai wani adadi a rahoton wata mai kamawa da ni da ita duk muka ga bai zauna daidai ba, kuma na gaya mata wannan karon ni zan fara ɗaga hannu.